Bel ɗin gyaran doro na intanet da rigar roba ta asibitin ƙashi, abin da na gani a jikin yarona

Duk mai hawa Facebook ko TikTok ya taɓa cin karo da tallar bel ɗin nan na gyaran baya, wanda za a nuno mutum a ranƙwashe sai a ɗaura masa nan take ya miƙe sambal, a ce wai cikin 'yan makonni doro zai baje. Iyaye mata da yawa a guruf ɗinmu sun yi ta tambayata ko yana aiki tunda sun san ya shigo gidanmu, kuma sun san yanzu yarona rigar roba ta asibiti yake sawa, wato riga mai tauri da ake ƙera wa mutum daidai jikinsa don gyaran ƙashin baya, to bari kawai na rubuta komai a wuri ɗaya duk mai buƙata ya karanta. Maganar gaskiya bel ɗin yana da ɗan amfaninsa amma ba a kan abin da ake tallarsa ba, idan ƙashin bayan yaro ne da kansa ya lanƙwashe to wallahi bel ɗin roba mai talewa ba zai taɓa miƙar da shi ba, kuma lokacin da ake ɓatawa ana jiran ya yi aiki shi ne lokacin da ya fi kowane tsada a wannan lalurar.

Yaron nawa shekararsa 13 lokacin da abin ya fito fili, ya yi wani irin tsawo lokaci guda, wandunansa duk suka ɗage, sai bayan ya fara yin doro daga tsakanin allon kafaɗu zuwa ƙasa kaɗan, wuyan ya miƙo gaba. Kowa a gida abin da yake cewa kenan, kai miƙe bayanka, waya ce ta yi maka yawa, jakar makaranta ce. Zai yi ƙoƙarin miƙewa amma bayan ba ya bin umarni. Ga kuma ƙashin ƙirjinsa da ya turo gaba, ɓangaren dama ya fi na hagu fitowa, har ya daina cire riga a wajen ƙwallo, da zafin nan na bazara sai ka gan shi da rigar sanyi mai hula don kada a lura. Wannan ne ya fi taɓa min zuciya fiye da doron ma.

Bel ɗin kawunsa ne ya sayo masa a wajen wata mai sayar da kaya a intanet, Allah ya saka masa da alheri don niyyarsa mai kyau ce. Baƙi ne, a leda ya zo babu wata takardar bayani, igiyoyi biyu masu talewa da suke zagayowa ta kafaɗa su bi ta hammata su haɗu a baya, sai faifan yadi a gadon baya da aka cusa wa wasu siraran robobi guda biyu waɗanda a talla ake kiransu ƙarfe, sai abin mannewa irin na takalmin yara a ciki. Girma uku ne kawai, ƙarami da matsakaici da babba, wato babu ruwansu da inda lanƙwasar take a bayan mutum ko yawanta. Ɗinkin ba laifi, kuma ba shi da nauyi, yana shiga ƙarƙashin riga ba a gani, wannan kam na yaba.

Da an ɗaura kafaɗun suna komawa baya, wannan gaskiya ne, kuma idan ka kalle shi ta gaba sai ka ce an samu sauƙi. Amma ki tsaya ta gefe ki kalla. Doron yana nan inda yake, abin da ya canza kawai yaron ya turo ciki gaba ya ƙara lanƙwasa ƙugu don ya samu daidaito, shi kuma ƙashin ƙirjin nan sai ya ƙara fitowa tunda an ja kafaɗu baya. Idan aka matse sosai don a ga aiki igiyar tana cin hammata, ta goge masa fata har wurin ya yi ja, wani lokacin ya ce yatsunsa suna yi masa kamar tafiyar kiyashi, saboda jijiyoyin hannu ta hammatar suke wucewa. Idan aka sassauta kuma ya zama kwalliya. Bai wani jima ba robar ta saki, abin mannewar ya cika da zare ya daina kamawa.

Kada na zalunci bel ɗin, akwai wanda yake yi wa amfani. Ƙanwata tela ce, tana wuni a kan keke a sunkuye, ita ta karɓe shi daga baya aka ɗan rage mata igiyar, tana sawa na ɗan lokaci idan za ta zauna ɗinki kuma ta ce da ta fara ranƙwafawa sai ya ja ta ta tuna ta gyara zama. To ita nata doron na sabo ne, ƙashinta lafiyarsa ƙalau, idan ta miƙe ko ta kwanta bayanta yana komawa daidai. Irin wannan bel zai iya zama abin tunatarwa, duk da mai gashin ƙashi ya ce mana motsa jiki da ƙarfafa naman baya ya fi shi nesa ba kusa ba.

Gwajin da likita ya fara yi wa yaron kowa zai iya yinsa a ɗaki. Ya ce ya cire riga ya haɗa ƙafafu ya sunkuya kamar zai taɓa ƙasa, mu kuma mu kalla ta gefe. Mai doron sabo bayansa yana yin baka mai santsi tun daga wuya har ƙugu, shi kuwa nawa sai ga wani wuri ya yi tudu kamar an karya layin a nan. Ya sa shi ya kwanta ruf da ciki ya ɗago ƙirji, tudun bai ɓace ba. Daga nan aka tura mu hoton ƙashi, a tsaye ake ɗauka kuma ta gefe, ba a kwance ba.

A nan ne na fahimci abin da ke faruwa. Ƙasusuwan baya na sashen ƙirji guda 12 ne, waɗanda haƙarƙari yake maƙale da su, kuma dama can Allah ya halicce su da 'yar lanƙwasa, daga digiri 20 zuwa wajen 40 ko 45 duk lafiya ce. Ana jan layuka biyu a kan hoton a auna kusurwar da ke tsakaninsu, awon da wani likitan Amurka mai suna Cobb ya bayyana a 1948 kuma har yau da shi ake aiki. Na yarona ya haura 50 da ɗan dama. Sai likitan ya nuna min ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, ya ce Maman yaro ki ɗauka bulo ne aka jera a gini, idan kowane bulo gabansa da bayansa kaurinsu ɗaya katanga za ta tashi a miƙe, idan kuwa guda uku ko huɗu a jere gabansu ya fi bayansu siranta dole ginin ya karkato gaba. Haka na gani da idona a hoton. Sunan lalurar Scheuermann, sunan likitan ƙasar Denmak da ya fara bayaninta wajen 1920, kuma ƙa'idar da suke bi ita ce a samu ƙashi uku a jere kowanne ya tsuke ta gaba da digiri 5 ko fiye. Lokacin saurin girma take fitowa, tana bin dangi, kuma ya jaddada cewa ba waya ce ta kawo ta ba ba kuma jaka ba. Da ya faɗi haka yaron ya ɗago ya kalle ni, don ya sha faɗa a gida da makaranta a kan abin da ba shi da iko a kai.

Game da ƙirjin kuma likitan ya ce guringuntsin da ya haɗa haƙarƙari da ƙashin ƙirji ne ya yi girma fiye da kima ya turo ƙashin waje, an fi ganinsa a yara maza, kuma ba abin mamaki ba ne a same shi tare da lanƙwasar baya. Ya danna wurin da tafin hannu ya koma ciki, ya saki ya dawo, ya ce alhamdulillahi har yanzu da taushinsa.

Abin da ya sa nake ta nanata a je asibiti kafin a sayi komai shi ne tambayoyin da aka yi mana kafin a kai ga wannan. Yana zazzaɓin dare? Yana gumi da daddare? Ya rame? Akwai mai tari a gida? Ƙafafunsa suna yin sanyi ko nauyi, fitsari yana kufce masa? Duk tarin fuka suke nema, don ƙwayar cutar ba a huhu kaɗai take tsayawa ba, tana shiga ƙashin baya ta cinye shi ya rufta ya yi ƙusumbi mai tsini, wanda wani likitan Ingila Percivall Pott ya rubuta a kansa tun 1779, kuma a ƙasarmu har yanzu ana ganinsa sosai. Idan ya danne laka mutum yana iya rasa ƙafafunsa. Maganinsa kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, sai dai na ƙashi ya fi na huhu daɗewa, yana kaiwa wajen shekara ana sha. Yanzu ki yi tunanin yaro mai irin wannan a ɗaura masa bel a zauna jira, ko a kai shi wajen mai ɗori a danne bayan da ƙarfi. Kakarsa ma ta kawo shawarar wani mai ɗori da ta yarda da shi, na ce Hajiya ki yi haƙuri a fara ganin hoto, kuma da aka nuna mata ita da kanta ta ce a bar wa likita. Masu ɗori suna da aikinsu amma wannan ba karaya ba ce.

A ƙananan yara kuma akwai laushin ƙashi da yake sa ƙafafu su yi baka ko su gwame, wuyan hannu ya yi kauri, ƙirji ya turo. A nan Najeriya binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna ƙarancin sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi a abinci ne babban dalili, tunda rana dai muna da ita, to wannan magani da abinci yake so. Tsofaffi mata kuma da bayansu yake ranƙwafawa sau da yawa ƙashin ne ya zaizaye yana ruftawa a hankali. Dukkansu a ido doro ne, kuma duk mai talla zai ce bel ɗinsa na yi.

Sai maganar rigar roba. Kafin a yanke shawara sai da aka duba ko yaron yana da sauran girma, ana gani a hoton ƙashin ƙugu, suna ba shi maki daga 0 zuwa 5, wanda ya kai 5 ya gama girma. Nawa yana ƙasa-ƙasa, likitan ya ce to yanzu ne lokacinta, don rigar ba wai tana lanƙwasa ƙashi da ƙarfi ba ne, tana rage nauyin da ke danne gaban ƙasusuwan ne don su samu su girma daidai, idan girma ya ƙare ba ta da abin da za ta yi aiki da shi.

Sashen da ake yin ta shi ne inda ake ƙera ƙafar roba da takalman masu lalura, ba zan faɗi sunan asibitin ba. Ranar awo aka sa masa wata doguwar singileti mai kama jiki, mai aikin, wani dattijo mai haƙuri, ya ɗauki fensir mai shuɗin rubutu yana lalubo ƙasusuwa yana yi musu alama, ƙashin ƙugu, ƙarshen haƙarƙari, tsinin doron, tudun ƙirjin. Ya ɗora wata siririyar roba daga wuya zuwa mara, sannan ya fara jiƙa bandejin siminti irin na karaya yana naɗe shi yana shafewa da hannu, yana cewa ɗan samari ja numfashi, miƙe iya miƙewarka, riƙe haka. Simintin yana ɗumi idan zai kama, yaron ya ɗan tsorata, dattijon ya ce masa kwantar da hankalinka yanzu za mu fito da kai. Da ya bushe sai ya bi ta kan siririyar robar nan ya yanka ya zare shi, ga surar jikin yarona a tsaye a kan tebur har da alamomin fensir ɗin sun fito a ciki. A kan wannan surar suke zuba wani simintin, su kankare inda ake son riga ta danna su ƙara inda ake son ta ba da wuri, sannan a gasa faifan roba ya yi laushi a lulluɓa a kai. Kin ga bambancinsa da abu mai girma uku a leda.

Ranar gwaji ma ba a sallame mu da wuri ba. An sa masa, aka ce ya zauna ya tashi ya yi tafiya, bayan ɗan lokaci aka cire aka duba inda fata ta yi ja, inda take cinsa a hammata da saman cinya aka yanke aka goge, wani wurin aka hura masa zafi da na'ura aka buɗa. Tana kama ƙugu gam, akwai matashin soso a baya daidai ƙasan tsinin doron yana turawa gaba, biyu a gaba ƙasan ƙashin wuya suna turawa baya, sai wani da aka ƙara a kan tudun ƙirjin. Aka sake hoto yana sanye da ita don a tabbatar tana rage kusurwar. Mun yi sa'a lanƙwasarsa ba ta yi sama sosai ba, waɗanda tasu take can sama akan ba su mai sandunan ƙarfe da zobe a wuya, wadda ake kira Milwaukee, tun shekarun 1940 ake amfani da ita kuma ta fi wuyar ɓoyewa a riga.

To amma kada kowa ya ɗauka abin da daɗi. Ana so a sa ta awa 16 zuwa 23 a rana gwargwadon abin da likita ya ce, har da barci, kuma ba wata ɗaya ko biyu ba, sai girma ya kusa tsayawa. Darare na farko bai yi barcin kirki ba, ni ma haka. Zafin watan Maris da Afrilu kuwa sai wanda ya gani, roba ce ba ta shan gumi duk da ƙofofin da aka huda mata, ƙurajen zafi suka feso masa a ciki da baya. Abin da ya taimaka mana singiletin auduga mai kama jiki mara ɗinki a gefe, a canza da zarar ta jiƙe, a goge cikin rigar da tsumma da sabulu kullum a bari ta bushe, kuma ba a shafa mai a inda matashin yake dannawa don fata tana yin laushi ta saluɓe. Jan da ya ɓace bayan an cire da ɗan lokaci ba komai, wanda ya ƙi ɓacewa a koma a gyara. Yana cirewa ya yi wanka da alwala da sallah, don ruku'u da sujada ba sa yiwuwa da ita yadda ya kamata, haka ma idan zai buga ƙwallo, kuma likitan da kansa ya ce kada a hana shi wasa. Yunifom sai da aka ɗinka masa mai ɗan yalwa. Na je na samu malamin ajinsu na yi masa bayani, shi kuma ya ja kunnen yara, duk da haka ba a rasa masu ƙwanƙwasa masa baya su gudu ba, akwai ranakun da ya dawo ya ce shi ya gama sawa, sai an zauna an lallaba.

Inda nake da ƙorafi a kan sashen, jira ya yi yawa, ranar da aka ce a zo a karɓa ba ita ce ranar da aka samu ba saboda robar ta yanke musu. Kuɗin ya ninka na bel sau da yawa kuma daga aljihu muka biya, ga shi yaro yana girma dole wata rana a sake sabuwa. Maɗaurin baya ya tsinke tun ba a je ko'ina ba, sun canza ba su karɓi komai ba amma sai da muka sake zuwa. Babban abin da ya dame ni babu ko 'yar takarda da Hausa da za a ba uwa ta tafi da ita, duk bayanin da baki ne, na ga wata baiwar Allah da ta zo daga ƙauye da 'yarta an yi mata bayani cikin sauri ga layi a bayanta, na san rabin abin ba za ta riƙe ba, sai da muka zauna a benci na maimaita mata abin da na sani.

Tare da rigar an haɗa mu da sashen gashin ƙashi, kuma ba wani gashi ake yi ba, motsa jiki ne, miƙar da jijiyoyin bayan cinya da suke ɗaurewa ga masu wannan lalurar, buɗe naman ƙirji, da ƙarfafa naman baya. Ciwon bayan da yake kuka da shi idan ya daɗe a zaune a aji wannan ne ya rage shi.

Sakamako dai, hoton da aka sake bayan watanni ya nuna kusurwar ta ragu, ba ta koma kamar ta kowa ba amma ta sauko kuma ta daina ƙaruwa, ƙirjin ma shi ya fi saurin amsawa, yanzu sai ka lura sosai za ka gane. Na ji daɗin yadda likitan bai yi mana alƙawarin ƙarya ba, ya ce bayan an daina sawa wani ɓangare na gyaran yana iya komawa, kuma tiyata sai lanƙwasa ta kai wajen digiri 70 zuwa 75 ko ciwo ya ƙi ji ko laka ta shiga haɗari ake maganarta. Masu tambayata a kan ƙirjin da ya lotsa ciki, wannan daban ne, rigar da take dannawa ba ta yi masa, idan ya yi tsanani har yana takura zuciya da numfashi akwai aikin da Dakta Donald Nuss ya fara a Amurka a 1987, ana zura lanƙwasasshen ƙarfe a bayan ƙashin ƙirji ya ɗago shi a cire bayan shekara 2 zuwa 3. Idan kuma yaro dogo ne siriri mai dogayen yatsu da hannaye ga matsalar ƙirji ga ta ido, a nemi a duba zuciyarsa, akwai lalurar gado da ake kira Marfan mai zuwa a haka.

Idan maki zan bayar cikin 5, bel ɗin intanet 2 ga mai doron sabo, ga yaro mai lanƙwasar ƙashi kuwa ko 1 ba zan ba shi ba. Rigar asibiti 4, na cire ɗaya saboda jira da zafi da rashin takardar bayani. Manyan asibitocin ƙashi na tarayya da aka daɗe da sani su ne na Dala a Kano wanda aka buɗe a 1959, da Igbobi a Legas, da na Inugu, kuma asibitocin koyarwa suna da likitocin ƙashi da za su duba su tura ku inda ake yin rigar. Ranar awo ku tafi da duk hotunan ƙashin da aka taɓa yi, da tawul da kayan canzawa don simintin yana ɓata jiki, idan mace ce a tambaya tun kafin ranar ko akwai ma'aikaciya mace da za ta ɗauki awon.